Karatu ko sana'a: wanne ya fi wa matashin Tibet da ya girma bai shiga aji ba?

Malam, tambayarka ta iso ni. Ka ce ka ga rahoto a kan wata makaranta a arewacin Indiya inda samari da 'yammata 'yan Tibet, wasu sun haura shekara 25, suke zaune da safe suna koyon baƙaƙe, da rana kuma su shiga ɗakin ɗinki ko na kwamfuta. Ka tambaya me ya hana su karatu tun suna yara, kuma ashe ba zai fi ba a miƙa musu sana'a kai tsaye su nemi na kansu, tunda lokacin aji ya wuce su.

Na daɗe ina koyar da manya, kuma tambayarka ta biyu kusan duk mai son ba da tallafi sai ya yi ta. Abin da na gani shi ne, in aka raba karatu da sana'a, kowanne sai ya gurgunce. Ajin karatu zalla ba ya riƙe babban mutum mai neman abin sawa a baka, sana'a kuma ba tare da karatu ba tana barin mutum yaron wani har ya tsufa. A sha'anin 'yan Tibet da maƙwabtansu na tsaunukan Himalaya akwai ƙarin abu biyu da suka fi waɗannan nauyi, wato da wane harshe za a yi karatun, da kuma wace takarda mutum zai riƙe in ya gama.

Bari in fara da ko su wane ne. A watan Maris na 1959 Dalai Lama, babban jagoran addinin Buddha na Tibet, ya gudo ya tsallaka Indiya, mutane kimanin 80,000 suka bi bayansa. Da yawansu aikin fasa dutse da gina hanya suka samu a tsaunukan arewa, suna kwana a tantuna da 'ya'yansu. A watan Mayu na 1960 aka kwaso yara 51 daga irin waɗannan sansanoni zuwa garin Daramsala da ke arewacin Indiya, yayar Dalai Lama, Tsering Dolma, ta karɓi renonsu. Daga nan Ƙauyen Yaran Tibet, wanda aka fi sani da TCV, ya samo asali, kuma bayan rasuwarta a 1964 ƙanwarsu Jetsun Pema ta ci gaba da riƙe shi shekaru masu yawa. Gwamnatin Indiya ita ma ta kafa hukumar makarantun 'yan Tibet a 1961. 'Ya'ya da jikokin waɗannan masu fasa dutse sun yi makaranta sosai. Ƙidayar da gwamnatin 'yan gudun hijirar ta yi a 2009 ta sami mutane kusan 128,000 a wajen Tibet, sama da 94,000 a Indiya, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari sun iya karatu da rubutu. To ka ga ba su ne ka gani a rahoton ba.

Waɗanda ka gani sababbin zuwa ne. Daga shekarun 1980 har zuwa 2008, duk shekara mutum 2,000 zuwa 3,000 kan fito daga Tibet ta Nepal, da yawa a ƙafa ta mashigar Nangpa La mai tsayin sama da mita 5,700. Wasu kan zaɓi lokacin hunturu saboda masu gadin iyaka sun fi ƙaranci, shi ya sa ake samun waɗanda sanyi ya cinye musu yatsu kafin su iso Katmandu. A wannan mashiga ce, ranar 30 ga Satumba 2006, dakarun iyaka na Sin suka harbe wata yarinya mai zaman zuhudu, Kelsang Namtso, 'yar shekara 17, masu hawan dutse na kallo daga sansaninsu. In an iso Daramsala sai a rarraba mutane gwargwadon shekaru. Ƙanana su tafi makarantun TCV, 'yan sha-wani-abu su tafi makarantar Suja da ke Bir, masu zaman zuhudu su nufi manyan gidajen ibada na kudu, Sera a Bylakuppe, Drepung da Ganden a Mundgod. Sai aka bar mai shekara 20 ko 27 a tsaye, ya yi wa firamare girma, ba shi da harshen kasuwar Indiya, ba shi da gona. Domin irinsa aka buɗe wata makaranta kusa da Daramsala a 1993, wadda yanzu ake kira Sherab Gatsel Lobling, tana ɗaukar 'yan shekara 18 zuwa 30, tana koyar da Tibetanci da Turanci tare da ɗinki, zane da kwamfuta. Siffar da ka ba ni ta yi daidai da ita.

Kalmar jahilci ba ta yi wa waɗannan ɗalibai adalci, domin mutane iri-iri ta tara a kwando ɗaya. Akwai ɗan makiyaya daga Amdo ko Kham, yankunan gabashin Tibet, wanda ya tashi yana bin garken yak, wato shanun nan masu dogon gashi, bai taɓa riƙe alƙalami ba. Akwai wanda ya yi 'yan shekaru a makarantar gwamnati, yana karanta Sinanci amma ba ya iya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa da harshenta. Akwai kuma wanda ya shiga gidan zuhudu tun yana shekara takwas, ya haddace littattafai, ya iya muhawara a kan mantiƙi, sannan ya ajiye jan mayafin yana da shekara 24, ya tarar ba ya iya cika fom ɗin banki. Wannan na ƙarshe mu Hausawa mun san shi sarai, shi ne gardin da ya sauke ya rubuta, amma a ofis a miƙa masa tawada ya dangwala yatsa. Kuskuren farko da shirye-shirye da yawa ke yi shi ne su zuba ukun nan a aji ɗaya su fara daga baƙin farko. Na ukun zai ji an raina shi, na farkon zai ji an bar shi a baya, kafin wata biyu aji ya rage rabi.

Shi kansa rubutun yana da tasa wuyar. An tsara shi a ƙarni na 7, zamanin sarki Songtsen Gampo, ana kuma danganta aikin ga Thonmi Sambhota. Baƙaƙe 30 ne da wasula 4. Da jin haka sai ka ce mako biyu ya isa, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Rubutun ya tsaya kusan a kan yadda ake furta harshen sama da shekara dubu da suka wuce, baki kuwa ya yi gaba abinsa. Kalmar takwas, mutumin Lasa, babban birnin Tibet, zai ce maka "gye", a takarda kuwa sai ka jera b, r, g, y, a, d. Sunan nan Tashi da ake yawan ji, rubutunsa "bkra shis" ne. Baƙaƙe hawa kan juna suke yi, wani a gaban uwar baƙin, wani a bisanta, wani a ƙarƙashi, biyu a baya, ga wasali, gaɓa ɗaya tana iya ɗaukar abu har bakwai. Babu tazara tsakanin kalma da kalma, ɗan ɗigo ne kawai ke raba gaɓoɓi. Ga rubutun ɗab'i mai kai, uchen, ga na hannu marar kai, ume, kowanne da kamanninsa. Saboda haka ake koyar da haɗa baƙi da ƙarfi, ɗalibai na rera sunan kowane baƙi da matsayinsa kafin su faɗi gaɓar, kamar dai yadda ake bi da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru a makarantar allo. Wani abin sha'awa, makiyayin Amdo har yanzu yana furta da yawa daga baƙaƙen da mutumin Lasa ya daina furtawa, don haka rubutun ya fi kusa da bakinsa. Malamin da ya san wannan zai iya ɗaga kan ɗalibin da ya shigo yana jin kunyar karin harshensa, domin Amdo da Kham da Tibet ta tsakiya ba sa fahimtar juna da sauƙi, kuma a gudun hijira karin tsakiya ne ke da rinjaye. A kan wannan kaya kuma a ɗora masa baƙaƙen Turanci, ga Indiyanci na jiransa a tasha da kasuwa.

To me zai hana a bar duk wannan wahala a ba shi keken ɗinki? Dubi sana'ar da ta fi riƙe gidajen 'yan Tibet a Indiya, wato sayar da rigunan sanyi. Daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu iyalai kan bar matsugunansu su bazu garuruwan Indiya su kafa rumfuna. Kayan ba su suke saƙawa ba, daga masana'antun Ludhiana ake sarowa, galibi bashi, wani da rancen banki, a biya bayan an tashi kasuwa. Ka ɗauki mace a rumfarta da dare, ta rufe, ta zauna da littafin bashi. Dila nawa ta karɓa, dozin nawa ke cikin kowace, nawa aka rubuta mata a rasit, kuɗin mota nawa, kuɗin rumfa nawa, ruwan banki nawa ya hau tun Satumba. In ta iya karanta rasit ɗin nan da kanta, ita ce mai kasuwa. In sai ta jira wani ya karanta mata, to ribarta tana hannun amanar wannan mutumin. Na ga irin haka da idona a ajina, wani tela da ya shekara 15 yana ɗinki yana riƙe awon mutane a ka. Ranar da ya fara rubuta suna da awo a littafi ya ce min yau ne zai iya ɗaukar yaro na biyu, domin da can duk aikin da bai yanka da hannunsa ba lalacewa yake.

Kafet ma haka. A 1960 aka kafa cibiyar saƙa a Jawalakhel, kusa da Katmandu, da taimakon mutanen Suwizalan, don 'yan gudun hijira su sami abin yi. Saƙar Tibet tana da salonta. Ana gitta sandar ƙarfe a gaban zaren tsaye, masaƙi ya riƙa ɗaura ulu yana naɗe shi a jikin sandar har layi ya cika, ya daddoke shi ya zauna, sannan ya bi bayan sandar da wuƙa ya yanke, gashin kafet ya miƙe. Wannan hannu ne ke koyonsa, ba ya bukatar baƙi ko ɗaya. Sana'ar ta bunƙasa har a farkon shekarun 1990 kafet ya zama kan gaba a kayan da Nepal ke fitarwa, Jamus ce babbar mai saye. Amma wa ya ci moriyar? Wanda ya iya karanta taswirar zane, ya lissafa ƙulli 60 ko 80 ko 100 a kowane murabba'in inci, ya amsa wasiƙar ɗan kasuwar Turai, shi ya zama mai masana'anta. Da kasuwar ta faɗi a tsakiyar shekarun 1990, bayan rahotannin sa yara aiki da lalacewar inganci, masu karatun suka juya zuwa wani abu, masu hannu kawai suka rasa tudun dafawa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne aikin hawan dutse. Matasan Sherpa da sauran ƙabilun Nepal su ne ke ɗaukar kaya da kafa igiyoyi a Everest. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta zaftaro ta kashe ma'aikata 16 a rana ɗaya. Tun 2003 aka kafa makarantar hawan dutse ta Khumbu a ƙauyen Phortse, ana yin kwas ɗinta da hunturu lokacin da babu baƙi, kuma ban da ɗaurin igiya da ceto, ana koyar da agajin gaggawa da Turanci. Dalili a fili yake. Ɗan dako da ba ya jin harshen baƙo a ƙarƙashin kaya zai ƙare, wanda ya iya magana da karanta umarnin magani da na tukunyar iskar shaƙa shi ke zama jagora, kuma shi ke iya cewa yau ba za a hau ba a saurare shi.

Sai dai kada ka ɗauka ina cewa a fara da karatu, sana'a ta biyo baya. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma yunwa tana hanawa, kunya ma tana hanawa. Babban mutum ba ya zama shekara biyu yana rera baƙaƙe a kan alkawarin wata rana zai ga amfani. Yana bukatar ya ga baƙin da ya koya da safe ya yi masa aiki da rana, lambar da ke jikin tef ɗin awo, sunan kaya a rasit, saƙon da ya shigo wayarsa. Lokaci ma sai an bi nasa. A Dolpo da wasu yankunan tsaunin Nepal, watannin Mayu da Yuni ƙauyuka kan watse zuwa tuddai neman yartsa gunbu, wani naman gwari da ke tsirowa a jikin tsutsa wanda ake saya da tsada a Sin, har makarantun yara kan zama kufai. Da hunturu kuma dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Wanda ya zo da jadawalin birni ya ce aji Litinin zuwa Juma'a wata tara, shi da benci zai zauna.

Misalin da na fi so shi ne na Ladak, wani yankin tsaunuka a arewacin Indiya. A can yaro yana magana da harshen Ladak a gida, a da kuma sai a koyar da shi da Urdu har aji takwas, a juya shi zuwa Turanci a aji tara da goma, sannan a yi masa jarrabawa. Kimanin kashi 95 cikin ɗari faɗuwa suke yi. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan yaran. A 1988 Sonam Wangchuk da abokansa suka kafa ƙungiyar SECMOL, a 1994 kuma suka shiga haɗin gwiwa da gwamnati da kwamitocin ƙauyuka, aka sake horar da malamai, aka rubuta littattafai masu misalan Ladak, masu cin jarrabawa suka haura rabi. Harabarsu da ke Phey tana karɓar waɗanda suka faɗi jarrabawar aji goma. Gine-ginen na ƙasa ne, zafin rana ke ɗumama su a wurin da sanyi ke daskarar da ruwa, kuma ɗalibai ne ke tafiyar da komai, wannan ya riƙe na'urar hasken rana, wancan shanu, wata lambu, wata lissafin kuɗin kicin, bayan wani lokaci a yi musanya kowa ya ba da rahoto a gaban jama'a. A nan ba za ka iya nuna inda karatu ya tsaya sana'a ta fara ba. Butan ta bi wata hanyar, tun farkon shekarun 1990 take gudanar da azuzuwan manya a ƙauyuka da harshen Dzongkha, mafi yawan ɗaliban mata ne, har shirin ya sami lambar yabo ta UNESCO a 2012.

Sana'o'in gargajiya, irin thangka, wato zanen addini a kan yadi, suna da daraja, ina kuma jin daɗin cewa cibiyar Norbulingka kusa da Daramsala da makarantar Zorig Chusum ta Thimphu, babban birnin Butan, suna raya su. Amma a faɗa wa ɗalibi gaskiya tun ranar farko. Kafin ya taɓa launi zai ɗaure yadi a firam, ya shafe shi da gam da alli, ya goge da dutse har ya yi santsi, sannan ya daɗe yana zana layukan ma'auni, domin kowace siffa tana da awonta da aka kayyade a littafi. Shekaru ake yi, masu saye kuma ba su da yawa. Mai iyali ya fi bukatar irin abin da cibiyar TCV ta Selakui, kusa da Dehradun, ke koyarwa, girki da gashin burodi da aikin otal da gyaran gashi da kwamfuta.

Yanzu maganar takarda, wadda masu tallafi suka fi mantawa. Nepal ta daina karɓar sababbin 'yan gudun hijirar Tibet bayan ƙarshen 1989, daga tsakiyar shekarun 1990 kuma ta daina ba 'ya'yan tsofaffin katin shaida. Saurayi an haife shi a Pokhara ko Katmandu, ya gama makaranta, ya ƙware a sana'a, amma ba shi da takardar da zai yi rajistar shago ko ya karɓi lasin tuƙi da ita. A Indiya sauƙi ya fi, sai dai mafi yawansu a doka baƙi ne masu sabunta takardar zama, duk da kotun Delhi ta yanke a 2010 cewa wanda aka haifa a ƙasar tsakanin Janairun 1950 da farkon Yulin 1987 ɗan ƙasa ne. Shi ya sa nake ganin duk shirin da zai sallami ɗalibi da takardar da babu mai ganewa sai wanda ya buga ta, ya yi rabin aiki. Indiya tana da makarantar karatu daga gida ta ƙasa, NIOS, inda babba zai iya zana jarrabawar aji goma da sha biyu, tana kuma da tsarin shaidar sana'a na cibiyoyin koyon sana'a da ake kira ITI. Nan ya kamata a nufa da ɗalibi tun daga farko.

A cikin Tibet kanta, kalmar koyon sana'a ta zama abin jayayya. Ƙidayar 2020 ta nuna yankin Tibet ne ya fi ko'ina a Sin yawan marasa karatu, don haka bukatar gaskiya ce. Gwamnatin Sin tana cewa shirye-shiryenta na horar da makiyaya da manoma don yaƙi da talauci ne, kuma da yardar mutane ake yi. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, a 2023, sun bayyana damuwa cewa akwai tilas a ciki, kuma a shekarar sun yi maganar yara kimanin miliyan ɗaya da ke makarantun kwana inda Sinanci ne harshen koyarwa. Tashi Wangchuk, wani mai kanti daga Yushu da ya nemi a koyar da Tibetanci a makarantu, ya yi shekara biyar a kurkuku daga 2016 zuwa 2021. Abin da ya fi taɓa ni shi ne makarantar da Jigme Gyaltsen ya kafa a Ragya, yankin Golog, a 1994. Tana karɓar makiyaya da masu zaman zuhudu da suka wuce shekarun shiga makaranta, tana haɗa musu Tibetanci da ilimin zamani da sana'a, ainihin abin da muke magana a kai. An rufe ta a watan Yulin 2024.

Tun daga 2008 aka tsaurara iyaka, masu isowa Daramsala suka ragu daga dubbai zuwa 'yan gomomi a shekara, matasan da aka haifa a Indiya da Nepal kuma suna ta ficewa zuwa Amurka, Kanada, Faransa da sauransu. Makarantar da ka gani, wadda a da take cike da ɗaruruwa, yanzu ɗalibanta kaɗan ne. Kujerun da suka rage a makarantu da gidajen zuhudu na 'yan Tibet, 'ya'yan Himalaya ne ke ƙara cika su, daga Ladak, Zanskar, Spiti, Tawang, Mustang da Dolpo. Addini ɗaya, rubutu ɗaya, amma matsalarsu ta sha bamban. Ɗan Spiti yana da takardar ɗan ƙasa, abin da ya rasa shi ne makaranta mai kyau kusa da gida da aikin da zai mayar da shi ƙauyensu, irin gyaran na'urar hasken rana, kula da lafiyar dabbobi, ko jagorancin baƙi. Ɗan Tibet da ke kusa da shi a benci ɗaya, ƙila hankalinsa na kan biza, kuma abin da zai amfane shi shi ne girki ko aikin jinya da Turanci ko Faransanci mai ƙarfi. Malamin da zai karɓi wannan aji sai ya zauna da kowane ɗalibi kafin a buɗe littafi, ya ji wane harshe yake karantawa in akwai, wace takarda ke aljihunsa, da kuma inda yake sa ran zama nan da shekara biyar.